Miƙau, Rumbun Totuwar Maitama

Maitama bai taɓa gina ko akurkin kaji ya kwana biyu a tsaye ba, amma duk Tudun Maiwada babu wanda ya kai shi maganar gini. Dalili kuwa, sau ɗaya a rayuwarsa ya bi ayarin fatake zuwa Kano, ya kwana uku, biyu daga ciki a kwance da ciwon ciki, ya dawo. Tun daga ranar, in ka nuna masa katanga sai ya karkace kai ya ce a Kano ba haka ake yi ba. In ka nuna masa rijiya, ba haka ake yi ba. An ce ranar wani suna aka miƙa masa jariri, ya juya shi gaba da baya yana dubawa, sai da uban yaron ya yi maza ya karɓe abinsa kafin ya buɗe baki.

Wannan kuwa tun kafin zuwan Nasara ne. Tudun Maiwada ɗan ƙauye ne tsakanin Gozaki da Ƙarfi, ƙasar dawa da masara da auduga, inda kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya ci jiya.

A wata shekara Sarkin Magina ya rasu, rawaninsa ya zauna babu kai. Kowa ya san wanda ya dace da shi: Mudi, wani dogon mutum marar magana, wanda rumbunan da ya gina suke tsaye a ƙauye uku. Shi kuma Maitama yana son rawanin nan so na gaske, son da ke hana shi jin daɗin tuwo. In ya ga babu kowa a gida sai ya shige ɗaka ya naɗa zanen matarsa Kulu a ka, ya leƙa randa ya dubi kansa a ruwa, ya gaida kansa, ya amsa.

Ana cikin haka sai kunama ta buɗe masa hanya.

A wancan zamani, in rani ya yi rijiya ta ja baya, ba a ɓarnar ruwa a makewayi. Da totuwar masara ake farawa, sannan a ƙarasa da ɗan ruwan buta. Saboda haka kowane makewayi akwai tsibin totuwa a lungu. Tsibin nan kuwa fitina ne: gara ta ci, awaki su tauna, in an yi yayyafi ya jiƙe, sauran kuma ƙwari su mai da shi gida. Wata safiya Maigari Sanda ya fito fada da hannu a kumbure suntum. Hannun hagu ne, don haka kowa ya gane inda abin ya faru, kowa kuma ya yi sannu ya kau da kai. Ban da mutum ɗaya.

"Ranka ya daɗe, a makewayi ta same ka ke nan," in ji Maitama.

Maigari ya dube shi ya ce, "Wa ya tambaye ka?"

"Babu, ranka ya daɗe. Amma ni abin ya yi mani ciwo ne. A ce mutum kamarka shi riƙa lalube a ƙasa? Ni zan yi maka abin da zai adana totuwa a sama, babu gara, babu kunama. Ka ja igiya kawai, shi miƙo maka uku a hannu. Ko Kano babu irin shi."

Mudi, wanda ke zaune a gefe, ya ce, "A sa su cikin tukunya a rufe da marfi."

Maitama ya yi wata dariya ta tausayi. "Tukunya? Mudi, wannan ai ko kakata ta iya. Ana maganar fasaha kana maganar miya."

Da a ce Maigari lafiyarsa lau, da ya kore shi. Amma hannu na zugi, kuma mai zugi ba ya ƙin jin labarin magani. Ya ce nan da mako biyu Malam Abdussamad zai zo daga Maska don naɗin Sarkin Magina. Mudi ya nuna sabon zauren da ya gina, Maitama ya nuna abinsa, wanda Malam ya zaɓa shi ke da rawani.

Kafin Maitama ya kai gida ya riga ya raɗa wa abin suna: Miƙau. Sunan ya fi komai saurin samuwa.

Ya fara da babbar gorar da Kulu ke ajiye gero. Ya zazzage geron a tabarma, ya huda gindin gorar, ya cika ta da totuwa, ya toshe hudar da ɗan faifai mai igiya, ya rataye a makewayin gidansa. Sannan ya kira Kulu ta zo ta gwada.

"Ni ina da hannu, Malam," in ji ta, tana kwashe geronta.

"Ke za a ce ke ce mace ta farko da ta ja Miƙau."

"Na yafe. A ce da wata."

Ya shiga da kansa. Ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, shiru. Ya matsa ya ɗaga kai, ya sa ido a hudar don ya ga abin da ya riƙe, ya ja da ƙarfi. Wannan karon Miƙau bai yi rowa ba. Maitama ya fito yana dafe da ido ɗaya, ƙaiƙayi har cikin kunne.

Kulu ta ce, "Ya miƙo?"

"Ya miƙo mana. Ai ke shaida ce. Saura in koya mashi ƙirga."

Na biyu da laka ya yi shi, ɗan ƙaramin rumbu a kan katangar makewayin maƙwabcinsa Rabe. Rabe bai so ba, amma Maitama ya zauna masa a ƙofar gida yana bayani tun hantsi har azahar, ya ga in bai yarda ba noman bana ma sai ya wuce shi a nan. Aka gina, aka cika, aka bar shi kwana uku ya bushe. Abin da Maitama bai sani ba, a cikin kwana ukun nan an samu wanda ya tare a ciki.

Ranar gwaji maƙwabta suka taru a waje. Rabe ya ɗauki buta ya shiga. Aka ji ƙarar jan igiya, sai kuma shiru. Can sai ga Rabe ya fito a guje, hannu ɗaya riƙe da mazagin wando, kumatu a kumbure, idanu waje, amma bakinsa gam. Kowa ya san ba a magana a makewayi. Ko sallama aka yi maka, iyakarka gyaran murya, mai zuwa ya san da mutum ya koma. To Rabe ya riƙe ihunsa a baki har ya ƙetare ƙofa da ƙafar dama, sannan ya sake shi gaba ɗaya, har kajin unguwa suka watse.

"Maitama, totuwarka tana da wutsiya!"

"Wutsiya kamar yaya?"

"Gafiya ce ta faɗo mani a tafin hannu. Da ɗuminta."

Maitama ya shafa gemu. "Ita kaɗai?"

"'Ya'yanta biyu suka biyo ta."

"Uku ke nan," in ji Maitama, ya juya ya dubi jama'a. "Kun ji da kunnenku. Ya koyi ƙirga."

Rabe ya ɗauko taɓarya ya farfasa Miƙau na biyu a gaban mai shi. Maitama bai ji haushi ba. Ya ce da ma ƙanƙanta ce matsalar, babban tunani ba ya zama a ƙaramin mazubi. Na Maigari zai yi shi yadda zai ɗauki totuwar shekara guda.

Daga nan garin ya shiga uku. Maitama ya bi gida gida da buhu yana cewa Maigari ne ya aiko. Ya kwashe ta makewayi, ya kwashe ta bakin murhu da mata ke hura wuta da ita, har tuwon garin ya koma fitowa da gari a tsakiya. Da ya ga buhu na ƙarshe bai cika ba, ya shiga rumfar tsohuwa Hajo mai man gyaɗa, ya zare duk totuwar da ta toshe bakin gorunanta. Hajo ta dawo ta tarar da ƙuda sun yi taro. Ta bi shi da muciya har bakin fada.

"Ɗan nema, da me zan rufe mai?"

"Inna, ki yi haƙuri, totuwarki za ta shiga tarihi."

"Ni na san inda za ta shiga," in ji Hajo. "Ba sunan wurin ke nan ba."

A bayan zauren Maigari akwai makewayin baƙi, ɗan matsattse, an kewaye shi da zana. A kansa Maitama ya kafa dirka huɗu, ya ɗora rumbun zana da aka yaɓe da laka, ya tokare gindinsa da gungume guda a gicciye. Daga gindin ya sauko da maƙogwaro na icen gora, da ɗan harshe na katako a baki, da igiyar rama tana reto. In ka hango shi daga nesa sai ka ce rumbu ne ya hau kan ƙafafu zai bar gari.

Ana gobe Malam zai zo, Maigari ya tura Mudi ya duba. Mudi ya shiga, ya ɗaga kai, ya sauke, ya fito.

"Igiyarka tana dama," ya ce.

"To?"

"Da wane hannu kake kewayawa?"

Maitama ya dubi igiyar. Mako biyu yana aiki, bai taɓa tuna cewa a wurin nan hannun dama ɗan kallo ne ba. Amma ya daure ya ce, "Da gangan na bar ta, in ga ko za ka lura. Ka yi ƙoƙari."

Mudi na ba da baya Maitama ya hau gyara. Babu lokacin sake maƙogwaro, sai ya ɗauki igiyar ya zagaya da ita ta kan gungumen da ke riƙe da gindin rumbu, ya sauko da ita ta hagu. Ya ja. Ƙwal, ƙwal. Biyu. Ya sake ja. Ƙwal, ƙwal. Ya buga maƙogwaron, ya lallashe shi, ya zage shi. Biyu.

Kulu ta kawo masa abinci ta tsaya tana kallo. "Biyu yake ba ka."

"Wa ke ƙirga totuwa, Kulu?"

"Wanda aka kira daga Maska don shi ƙirga."

"Mutum shi ja sau biyu, shi ɗauki uku shi bar ɗaya. Ina wahala a nan?"

"To ka gaya masu haka gobe."

Ya ce zai gaya musu. Har ransa ya yi niyya.

Washegari da hantsi Malam Abdussamad ya iso a kan jaki, ɗan gajeren tsoho siriri, mai farin gemu da idon da ba ya barin komai ya wuce. Aka yi masa shimfiɗa a gindin ceɗiya. Da ya ji abin da aka kira shi ya duba, sai ya ce to bari a fara da karatu. Ya buɗe babin tsarki ya bi shi dalla-dalla: a shiga da ƙafar hagu, a fito da ta dama, a yi aiki da hannun hagu, abin gogewa ya zama mara, uku ko biyar ko bakwai, ban da cika. Da ya zo kan magana sai ya ɗaga yatsa.

"Ko ubanka ne ya yi maka sallama, kada ka amsa. Gyaran murya ya ishe ka. Duk wanda kuka ji yana surutu a makewayi, karatunshi bai shige shi ba."

Jama'a suka ce Allah ya gafarta Malam. Rabe ya gyara zama yana duban mutane, don a san shi ya riga ya yi aiki da wannan.

Aka je aka ga zauren Mudi. Malam ya ƙwanƙwasa bango, ya dubi ɗaurin gugan rufin, ya ce madalla. Aka juyo kan Maitama, aka ce ya yi bayani. Ya miƙe, ya ga garin duka na kallonsa, ya ga rawanin a naɗe cikin faifai kusa da Maigari, fari tas. Niyyar jiya ta bi iska.

"Allah gafarta Malam, ja ɗaya, uku. Ko sau ɗari ka ja, uku. In ya ba ka biyu, a aske mani gemu."

Kulu, daga cikin mata, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka kawo wa Malam fura da nono, ya sha ƙwarya guda. Aka kawo dambu, ya taɓa, ya sake taɓawa. Ba a jima ba ya nemi buta. Makaɗa suka ɗauki kiɗa, jama'a suka ja baya suka tsaya daga nesa kamar yadda ladabi ya ce. Maitama kaɗai ya matsa jikin zana, wai mai abu ba ya nisa da abinsa.

Ya kasa kunne. Ƙwal, ƙwal. Ya runtse ido. Aka ɗan yi shiru, sai kuma ƙwal, ƙwal. A ransa ya ce, to Malam, ga huɗu nan, ɗauki uku ka rufa mani asiri. Ina. Ƙwal, ƙwal. Kowane ja ya fi na baya ƙarfi, kuma a kowane ja Maitama na jin gungumen nan yana gurnani a sama. A ja na bakwai gungumen ya zame.

Rugugin ya daɗe bai tsaya ba. Daga waje rumbun na nan tsaye ƙyam kamar babu abin da ya faru, gindinsa ne kawai ya buɗe, ya juye totuwar shekara guda a ɗan wurin da bai fi taku uku ba. Ƙura ta tashi. Zanar ta yi ciki ta turo waje, turakunta suka fara sunkuyawa. Maitama ya yi maza ya juya ya manna mata baya, ya kafa dugadugai a ƙasa, ya harɗe hannuwa a ƙirji kamar mai shan iska.

Makaɗa suka sassauta. Maigari ya ɗaga murya daga gindin ceɗiya, "Maitama, ƙarar mene ne wannan?"

"Gyara zama yake, ranka ya daɗe. Haka manyan suke yi."

Maigari bai gamsu ba, ya ce Rabe ya je ya duba. Rabe ya nufi ƙofa. Malam, da ya ji takun mutum, ya yi gyaran murya da duk ƙarfin da ya rage masa. Rabe ya tsaya cak, ya juya ya dawo.

"Yana ciki, ranka ya daɗe. Bai gama ba."

Haka aka yi ta yi. Duk wanda aka tura, Malam ya yi gyaran murya don a zo a cece shi, shi kuma ɗan aike ya ji gyaran murya ya koma da sauri don kada ya yi rashin kunya. Liman ya je ya dawo. Wanzami ya je ya dawo. Gyaran muryar ta yi ta ƙaruwa, ta koma bibbiyu, ta koma uku-uku, har ta fara kama da kukan rago. Kowa kuma ya ƙara ja da baya, ana cewa kai, Malam ba ya son a matso ko kaɗan.

Maitama kuwa ya san komai. Nauyin totuwa na danna masa ƙashin baya, wata ta ɓullo ta zana tana sukarsa a haƙarƙari, zufa na bin gemun da ya sa a caca. Tsoro ya kama shi sosai, har da tausayin tsohon. Sau biyu ya buɗe baki zai ce a kawo ɗauki, sau biyu idonsa ya faɗa kan faifan nan mai rawani, ya mai da bakin ya rufe.

Mudi ya zo ya tsaya gabansa, ya dubi zanar, ya dube shi. "Me ya sa zanar ta yi ciki?"

"Ado ne."

"Matsa in gani."

"In matsa ka sace fasaha? Ka yi ta kanka."

Rana ta take tsaka, inuwar ceɗiya ta tsuke. Lokacin azahar ya shiga, kuma Malam aka ce zai ja salla. Maigari ya ce, "Wai me yake yi har yanzu?"

"Nazari, ranka ya daɗe," in ji Maitama. "Malami in ya ga abin mamaki ba ya gaggawa. Zauren Mudi fa, ƙwanƙwasa biyu ya yi ya wuce. Nawa kau ka gani, tun hantsi ya kasa fitowa."

Wannan magana ta shiga Maigari. Ya dubi dattawa, dattawa suka gyaɗa kai, don gaskiya ne ba a taɓa ganin baƙo ya daɗe haka a makewayi ba. Maigari ya jawo faifai ya warware rawanin.

"To ai magana ta ƙare. Maitama, taso a gwada maka, in Malam ya fito sai shi sa albarka."

"Ranka ya daɗe, daga nan ma ina gani. Ya yi daidai."

"Ana gwada rawani daga nesa? Taso."

"Ko a kawo nan..."

"Ni zan taso in same ka? In ba ka so, ga Mudi."

Maitama ya dubi rawanin yana kaɗawa a hannun Maigari, farin da ya daɗe yana gani a ruwan randa. Ya ce a ransa taku goma ne, ya karɓa ya dawo, zana ba za ta rasa haƙurin taku goma ba. Ya ɗaga baya a hankali. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu.

A na uku zanar ta kwanta. Totuwa ta biyo shi kamar ruwan kwari, ta kwashe masa ƙafafu, ta kai shi har gaban Maigari a kan bayansa. Da ƙura ta lafa, garin Tudun Maiwada duka ya ga Malam Abdussamad na Maska: kai kawai, a saman tsibi, da totuwa ɗaya a zaune kan rawaninsa, da hannun hagu a sama riƙe da guntuwar igiya. Abin da ya rage na jikinsa totuwa ta rufa masa asiri. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya yi gyaran murya.

Mata suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Maza suka tuɓe riguna suka yi masa labule, Mudi ya shiga ya tono shi. Ko a nan Malam bai ce uffan ba. Sai da aka kawo wata butar ya kammala abin da ya kai shi, ya lalubi inda ƙofa take a da, ya fito da ƙafar dama, ya yi addu'ar fita, sannan ya zo ya tsaya kan Maitama.

"Biyu yake bayarwa," ya ce.

"Allah gafarta Malam, da ka ja sau biyu ka bar ɗaya..."

"Ka ce uku. Ni kuma alƙali aka sa ni. Na ce ba ni fita sai na ga uku."

Maigari, kunya ta ishe shi, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan larura ce. Da ka yi kira."

"Na sani. Yana nan cikin littafi, larura ta halatta. Amma da safe ban kai ku wannan babin ba. In na yi kira, ku ce Malam da bakinshi ya karya karatunshi."

Aka yi salla. Bayan salla Malam ya naɗa wa Mudi rawani, Maitama na zaune a ƙasa yana kallo, idonsa ya kawo ruwa, wannan karon ba don ƙaiƙayi ba. Wanzami ya matso yana wasa aska a tafin hannu, yana tambaya ko maganar gemu na nan. Malam ya ɗaga hannu.

"A bar mashi gemu. Dabararshi ba ta da laifi: mutum shi ja igiya, a miƙo mashi uku. Abin da Miƙau ya rasa hankali ne. A sa mashi hankali, ko ɗan kaɗan ne."

Maigari ya gane. Totuwar kuwa babu macen da ta yarda ta mai da ita murhu bayan inda ta kwanta. Hajo ma ta ce ta bar wa tarihi. Don haka Sarkin Magina Mudi ya ja wa makewayin katangar laka, ya bar 'yar taga ta hagu, ya ajiye babbar tukunya mai marfi a waje. Aka zura igiya ta tagar, aka ɗaura bakinta a babban yatsan ƙafar Maitama, aka ce nan ne wurin zamansa daga hantsi zuwa la'asar har totuwar shekara ta ƙare.

Abin mamaki, Miƙau bai sake kuskure ba. A ja, yatsa ya motsa, marfi ya buɗe, uku su shigo ta taga, babu gara, babu kunama, babu wutsiya. Mutum ɗaya ne kawai a garin yake samun biyu, kuma da yake a ciki yake samunsu, bai taɓa iya kai ƙara ba. Iyakarsa gyaran murya, da sabon rawaninsa.

Fatake masu bi ta nan zuwa Maska sukan tsaya su ga mutum zaune a gindin katanga da igiya a yatsa, su tambayi ko lafiya. Maitama ya gyara zama, ya shafa gemu.

"Ni na ƙirƙiro shi," yakan ce. "Ku je ku duba, ko Kano babu irin shi."

Wasu cikinsu sun je Kanon sun dawo, sun kuma tabbatar babu.